Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak akwai gidan cin abinci mai suna Noma. Sau biyar ana zaɓen sa a matsayin wanda ya fi kowanne a duniya, na ƙarshe a 2021, shekarar da ya samu taurari uku na Michelin. A 2023, mutum ɗaya kan biya kusan dala 500 don cin abinci na zama ɗaya.

To wa ke dafa abincin? Jaridar Financial Times ta ruwaito cewa a 2019 kukun da ke karɓar albashi a gidan 34 ne, ga kuma wasu kusan 30 da ke aiki ba a ba su ko kwabo. An ce koyon sana'a suka zo yi.

Jama'a, kusan rabin kicin ke nan a kyauta!

Matasa ne daga sassan duniya. Su za su biya kuɗin jirgi, su kama haya a ɗaya daga cikin biranen Turai mafi tsada, su shafe wata uku a tsaye tun safe har dare. Tsince ganye, goge tebur, wanke kayan aiki. Wata da ta zo daga Indiya ta shaida wa jaridar New York Times cewa aikinta kusan ɗaya ne har ta gama: haɗa siffar ƙwaro da busasshen kayan marmari, yau da gobe da jibi. Wannan ne karatun? Wane malami ne ke tsayar da almajirinsa a kan harafi ɗaya wata uku, yana kuma sayar da abin da ya rubuta?

Sai a watan Oktoba na 2022, bayan an yi ta surutu, Noma ya fara biyan su. An ce hakan ya ƙara masa aƙalla dala 50,000 a kowane wata. A riƙe wannan adadi da kyau. Shi ne kimar gumin da aka yi shekara da shekaru ana karɓa ba a biya. A Janairun 2023 mai gidan, René Redzepi, ya fito ya ce tsarin irin wannan girki ba mai ɗorewa ba ne. Yaran da ke kicin sun daɗe da sanin haka a ƙafafunsu da aljihunsu.

Kuma ba Noma kaɗai ba. El Bulli na ƙasar Sifen, wanda aka rufe a 2011, ya yi shekaru yana ɗaukar matasa fiye da talatin kowace kaka, su yi wata shida ba albashi. A 2017 wani fitaccen kuku na Basalona, Jordi Cruz, ya kare wannan ɗabi'a a fili, yana ganin gata ce ake yi wa yaran. A shekarar dai, ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa gidan Willows Inn na jihar Washintan biyan kimanin dala 149,000 saboda masu aikin da bai biya haƙƙinsu ba.

Mun gaji da jin uzuri. An ce riba ba ta da yawa. Wanda ribarsa ba ta isa biyan ma'aikata ba, ya rage yawan kwanuka, ko ya ƙara farashi. Mai iya sayen abincin dala 500 ba zai gudu don an ƙara masa hamsin ba. An ce su ma haka suka sha a ƙuruciya. Tun yaushe zaluncin da aka yi wa mutum ya zama lasisin zaluntar na ƙasa da shi? An ce yaran da kansu suka roƙa. Ƙwarai kuwa, domin an riga an tsara cewa ba mai ci gaba a sana'ar sai da sunan babban gida a takardarsa. Wanda aka toshe wa kowace ƙofa aka bar masa ɗaya, ba za a ce ya zaɓa ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne fuska biyu. Waɗannan manyan kuku su ne ke hawa mumbari suna wa'azin kare muhalli da mutunta manomi. Sun san gonar da aka ciro karas, sun san ruwan da aka kamo kifi. Amma ba su san inda yaron da ya fere karas ɗin ke samun kuɗin haya ba? Sun sani sarai. Kau da kai suke yi.

Ga kuma ɗan talaka. Wa zai iya zaman wata uku a Kopenhagen ba shigar kuɗi? Sai mai uwa a gindin murhu. Yaro mai baiwar girki daga Kano ko Damagaram an rufe masa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa.

Koyon sana'a yana da haƙƙi a kan maigida: ya koyar, ya ciyar, ya yaye. Wanda ya karɓi aikin ya watsar da haƙƙin, ƙwadago yake ci a ɓagas.

Masu zuwa cin abinci, ku riƙa tambaya kafin ku zauna: ana biyan kowa a kicin ɗin nan? Hukumomin ƙwadago su shiga su duba littattafan albashi. Masu raba taurari kuma su daina karrama gidan da ke tsaye a kan aikin kyauta. Duk wanda hannunsa ya taɓa kwanon da aka sayar, a biya shi ladansa.