Barkwancin ɗan sanda mai riƙe wa Hajiya jaka: Dariyar da ta fi kuka ciwo

Da wuya a yau mutum ya leƙa TikTok ko Facebook bai ci karo da barkwancin ɗan sanda ba. Ga shi a shingen bincike yana miƙa hannu a ba shi na goro, ga shi kuma a wurin biki riƙe da jakar matar attajiri. Jama'a na dariya ne saboda kowa ya taɓa ganin hakan da idonsa.

Su kansu hukumomi sun tabbatar da matsalar. A 2018, Shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce fiye da jami'ai 150,000 ne ke gadin manyan mutane. A Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya umarci a janye su. Kayode Egbetokun ya ba da makamancin umarnin a 2023. A Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sake cewa a janye su, mai son gadi ya nemi jami'an Sibil Difens. Umarnin da ake ta maimaitawa shaida ce cewa ba a bi na baya ba.

Dalilin a fili yake. Kurtun da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya fi son gidan mai kuɗi, inda alheri ke sauka. Wanda aka bari a hanya sai ya juya kan direba, direba ya ƙara kuɗin dako, ɗan kasuwa ya ɗora a kan buhun masara, ma'aikaci ya biya a kasuwa. An rubuta beli kyauta ne, amma talaka ya san farashinsa.

Abin takaici, hukunci ya fi saurin isa ga mai barkwanci. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin. Tun zamanin 'yan kama, Bahaushe kan faɗa wa manya gaskiya cikin raha, kuma mai hankali kan saurara.

Idan rundunar na son barkwancin ya mutu, maganin na hannunta: a gyara albashi, a hukunta mai karɓar na goro a bainar jama'a, a ga 'yan sanda a kasuwanni da ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba.