Kakarka 'Yar Katolika Ce, Sai Me?

Karatu: Matiyu 1:1-17



Na ji daɗi da yawancinku suka fara rubuta asalin gidajensu, amma akwai wata ɗabi'a da ta biyo aikin, kuma ba zan yi shiru a kanta ba. Yaro zai jero kakanninsa tiryan-tiryan, wane mai bishara ne, wane dattijon ikilisiya ne. Da ya zo kan kakar da ta yi aure gidan 'yan Roman, sai biro ya tsaya. In ka tambaya, a ce maka, "Ai wannan ta bar hanya." A gidajen Katolika ma haka ake share wanda ya koma wajenmu. Share mutum daga zuriya ƙarya ce, ko da an yi ta da sunan kishin bangaskiya. Matiyu ya rubuta asalin Mai Cetonmu bai ɓoye Rahab ba, bai ɓoye Rut mutuniyar Mowab ba, bai ɓoye mugun sarki Manassa ba. Wa ya ba ka izinin fin Matiyu tsabta?

Akwai kuma masu cewa, "Fasto, a bar kaza cikin gashinta, wannan faɗan Turawa ne." Su ma ban yarda da su ba. Faɗan ya fara a Turai, gaskiya ne, amma ya shigo har ɗakin kakarka, ya zaɓa mata miji ko ya hana ta, ya sa mata suna, ya kuma yanke inda aka rubuta sunan. Wanda bai san faɗan ba zai yi ta neman takarda a inda babu ita.

A 1517 ne Martin Luther, wani fada a Jamus, ya fito da batutuwa 95 yana ƙin sayar da takardun gafara. Zancen ya girma ya zama na yadda mutum ke samun ceto da kuma wanda ke da iko na ƙarshe, Littafi Mai Tsarki ko Paparoma. A 1521 aka fitar da shi daga ikilisiyar Roma. Daga nan sarakuna suka shiga, jini ya biyo. A Agustan 1572 aka yi wa dubban 'yan Furotesta kisan gilla a Faris da sauran garuruwan Faransa. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi shekara talatin ana yaƙi a ƙasar Jamus, miliyoyi suka mutu, yawancinsu da yunwa da annoba.

Wannan ɓangaren muna son faɗinsa. Ga wanda ba ma so. A 1649 sojojin Oliver Cromwell, mutumin da ke karanta Littafi Mai Tsarki kullum, sun karkashe mutane a garin Drogheda na Ayilan, har da fada-fada. Bayan haka aka yi dokokin da suka hana 'yan Katolika na ƙasar sayen gona, buɗe makaranta da riƙe muƙami, kuma sai a 1829 aka bar su su zauna a majalisa. A Zurik kuwa, a 1527, 'yan Furotesta ne suka nutsar da Felix Manz a kogi domin yana yi wa manya baftisma, irin baftismar da da yawanmu muka karɓa. Duk wanda ya koya maka cewa gefe ɗaya ne kawai ya zub da jini, rabin labari ya ba ka.

Ku lura da abu ɗaya. A sulhun Augsburg na 1555 aka ce addinin sarki shi ne addinin ƙasarsa. Talaka ba a tambaye shi ba. To mu fa? 'Yan SIM sun iso a 1893, Karl Kumm da 'yan SUM suka sauka Wase a 1904, Dakta Miller na CMS ya zauna Zariya a 1905, fada-fadan Katolika suka kafa a Shendam a 1907, 'yan Danmak suka isa Numan a 1913, 'Yan'uwa suka fara a Garkida a 1923. Mishan-mishan na Furotesta sun raba yankuna a tsakaninsu don kada su yi karo da juna, Katolika kuwa ba ta cikin wannan rabo. Sau da yawa abin da ya sa kakanka ya zama ɗan wannan ɗarika, ƙanensa ya zama ɗan waccan, shi ne wace makaranta ce ta fi kusa, ko wane asibiti ya warkar da yaro. Ba na cewa bangaskiyarsu ta wasa ce. Wasunsu an kore su daga gida a kanta. Ina cewa ba su zauna sun auna Luther da majalisar Trent kafin su zaɓa ba. Sun karɓi bishara, suka karɓi tsohuwar gaba a haɗe da ita. Fada-fada da yawa da suka zo daga baya 'yan Ayilan ne, jikokin waɗanda aka hana gona. Mishan ɗinmu kuma an goye su da labarin kisan Faris. Me kake tsammani kowannensu zai faɗa wa ɗan katikis a kan majami'ar da ke tsallaken rafi?

Yanzu ga amfanin wannan ga mai neman asali.

Majalisar Trent ta umarta a 1563 cewa kowane fada ya riƙe littafin baftisma da na aure. Katolika na yi wa jarirai baftisma, saboda haka ga wanda aka haifa cikin ikilisiya, ranar da ke littafinsu tana kusa da ranar haihuwa, kuma za ka tarar da sunayen iyaye da na waɗanda suka tsaya wa yaron. Haka Anglika da Lutaran. Amma a ECWA, Baptis da EYN sai mutum ya yi hankali ya ba da shaida, don haka wanda ya ɗauki ranar baftismar kakansa a matsayin ranar haihuwa zai iya rage masa shekara ashirin ko fiye. Suna ma yana ruɗarwa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ya cika gidajenmu da Bitrus, Bulus, Rifkatu da Saratu. A wancan gefen sunan waliyyi ake bayarwa, wani lokaci a rubuta shi da Latin. Wanda gida ke kira Bitrus yana iya zama Petrus a littafi, kuma yarinyar da aka haifa Hannatu tana iya komawa Bridget ranar da ta shiga Katolika don aure. Mutum ɗaya ce, kada ka mai da ita biyu.

Zancen aure shi ne ya fi raba gidaje. A 1907 Roma ta fitar da wata doka, Ne Temere, ta fara aiki a 1908, wadda ta ce auren ɗan Katolika ba ya ƙulluwa sai a gaban fada da shaidu. A lokacin kuma ana sa wanda ba ɗan Katolika ba ya yi alkawari cewa 'ya'ya duka za a goye su a Katolika. Sai a 1970 Paparoma Bulus na Shida ya sassauta. Mu ma a namu gefen, dattawa sun sa iyaye ƙarƙashin horo, sun hana su Jibin Ubangiji, don sun ba da 'ya ga ɗan Roman. In ka ga reshe guda na danginku ya ɓace daga littafin majami'arku tsakanin 1940 da 1970, ba mutuwa suka yi ba. Je ka duba tsallaken rafi. Wannan dokar ta 1907 ma ta yi maka alheri ɗaya: ta ce a rubuta auren a gefen sunan mutum cikin littafin baftisma, don haka shafi ɗaya zai iya ba ka haihuwa da aure tare.

Kada wani ya ce Fasto ya sauya. Ban yarda da roƙo ta wurin waliyyai ba, ban yarda cewa Paparoma ba ya kuskure a koyarwa ba, kuma ina nan a kan cewa ceto ta wurin alheri ne, ta wurin bangaskiya. Zan yi wannan muhawara da kowane fada cikin girmamawa. Amma muhawarar koyarwa daban, goge sunan matar da ta haifi mahaifiyarka daban. Tun 1976 muke zama da su a ƙarƙashin CAN, muna binne matattunmu tare idan masifa ta zo, sa'an nan kai ka kasa rubuta sunan goggonka?

Wanda zai je ofishin fada neman littafi, ya fara da tsofaffin gida tun suna da rai: sunan yanka, sunan baftisma, sunan ƙauye, da sunan katikis ko malamin da ya koyar da ita. Ƙananan majami'u na ƙauye ba su riƙe littafi a da, yana babbar majami'ar da fada ke zama a wancan zamani, wadda wataƙila ba ita ce ta yanzu ba. Ka tafi da wasiƙa daga fastonka, ka gaisa da kyau, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto da waya. Duk wanda ke bukatar wasiƙar ya same ni bayan zumunta ranar Laraba.