Lissafin Jiya Ba Na Yau Ba Ne

Ɗan kamasho a Agege yana iya faɗin lokacin da motar shanu za ta iso daga Potiskum, muddin direba bai sake hanya ba. In ya ratse a Jebba bai gaya wa kowa ba, lissafi ya ɓaci. To, haka al'amarin taurarin ɗan'adam yake.

Sojojin Amurka suna bin dubban taurari da tarkace da na'urorin rada da na hangen nesa, suna buga lissafin hanyar kowanne, kuma da shi ƙasashe da yawa suke dogara. Amma fa daga wuraren da aka riga aka ga tauraro ake yin lissafin nan. Da zarar masu shi sun kunna injinsa sun gusar da shi, tsohon lissafi ya tashi aiki, sai an sake ganinsa sau da yawa kafin sabo ya zauna, abin da kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwanaki.

Ko ba wannan ma, lissafin yana da nasa kuskure. Ran 10 ga Fabrairu, 2009, ya nuna tauraron Iridium 33 zai wuce mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, da tazarar mita 584. Sai ga shi sun yi karo a saman Siberiya, suka bar tarkace fiye da 2,000. A Satumba 2019 kuma, Turawa suka kauda tauraronsu Aeolus daga hanyar wani na Starlink, bayan saƙon gargaɗi ya kasa isa ga ma'aikatan SpaceX saboda matsalar na'ura.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce. Taurari irin NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamba 2011, suna nisan kilomita kusan 36,000, kuma tilas a riƙa gusar da su a kai a kai don su tsaya wurinsu. Kuɗin jama'a ne ke can sama.

Saboda haka wajibi ne masanan hukumar NASRDA da takwarorinsu su duba ranar da aka yi kowane lissafi, su gwada shi da na bayansa, in sun ga saɓani su nemi bayani daga bakin masu tauraron. Duk wanda zai gusar da nasa kuwa, lalle ya sanar tun kafin ya taɓa inji. Rigakafi ya fi magani, balle a inda babu makaniki.