Genesis: Gwanayen Da Suka Ɓoye Gwanintarsu

A watan Yulin 1986 waƙar "Invisible Touch" ta ƙungiyar Genesis ta Ingila ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Masoyanta na baya-bayan nan sun ce nan ne ta kai ƙololuwa. Ni kuwa takaici nake ji duk lokacin da na ji ta, domin na san abin da waɗannan mutane suka iya kafin su zaɓi ɓoye shi.

A je a saurari "Supper's Ready" da ke faifan Foxtrot na 1972. Waƙa ɗaya ce mai kusan minti 23, kashi bakwai. Tana farawa da jita a hankali, ta bi ta kwana-kwana, can wajen ƙarshe ganga ta kama wani taku mai bugu tara wanda ke rikita ƙafar mai rawa, Tony Banks kuma yana zuba kibod a kai, kowa da hanyarsa amma ba wanda ya ɓata. Waƙa ce da sai ka zauna mata. Ba a jin ta ana hira.

An saba ɗora laifin wannan sauyi a kan makaɗin gangarsu Phil Collins shi kaɗai. Ban yarda ba. Mawaƙinsu Peter Gabriel ya fita a 1975, Collins ya karɓi waƙa, suka fitar da A Trick of the Tail a 1976, kuma ƙarfinsu bai ragu ba. Sai da mai jita Steve Hackett ya tafi a 1977 abin ya fara sanyi. Ragowar ukun, Banks da Mike Rutherford da Collins, suka ɗanɗana zumar rediyo da "Follow You Follow Me" a 1978, daga nan waƙoƙin suka riƙa gajarta, suna laushi. Su ukun suka yi wannan shawara, ba wanda ya sa musu wuƙa a wuya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganga. Collins makaɗi ne na gaske, ya buga da ƙungiyar Brand X inda kiɗa sai ƙwararre. Mutum mai irin wannan hannu ne aka wayi gari yana kunna na'urar Roland tana yi masa bugu ɗaya tak, tana maimaitawa har waƙa ta ƙare. Wannan asara ce, a kira ta da sunanta.

Masu kare su sukan ce girma ne ya zo, dole mawaƙi ya sauya. Wa ya hana su sauyawa? Gabriel ma ya yi waƙoƙin kasuwa, "Sledgehammer" tasa ce ta ture "Invisible Touch" daga saman jerin. Amma yana cikin waɗanda suka kafa bikin kiɗa na WOMAD da aka fara yi a 1982, ya kawo muryar Youssou N'Dour na Senegal cikin faifansa So. Kunnensa bai daina neman sabon abu ba. Tsofaffin abokansa kuwa abin da aka riga aka san zai sayu suka nema, su ɗan jefa doguwar waƙa irin "Domino" don toshe bakin tsofaffin masoya.

Kuma taron da suka yi wa sassaucin bai riƙe amana ba. Collins ya bar su a 1996, suka ɗauko mawaƙi Ray Wilson, suka fitar da Calling All Stations a 1997. Tikiti ya ƙi sayuwa a Amurka, dole suka soke rangadin ƙasar gaba ɗaya.