An cire ƙarin, to ina takardar?



Makon jiya, ina sauka daga shiri, wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Ɗan Gulbi ya kira ni. Shekara uku ke nan da aka yi wa mai ɗakinsa aikin kai a Yamai, aka cire mata ƙari, ta dawo gida garau har aka yi sadaka. Yanzu ciwon kan ya dawo, ido guda ya fara dushewa. Na ce: "Baba, ina takardar sakamakon ƙarin da aka cire?" Ya ce: "Wace takarda, ɗana? Ai muna ganin ta miƙe muka kamo hanya."

Wallahi ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya saida shanu biyu ya yi wata guda yana kwana a harabar asibiti, gida kawai yake so. Amma takardar nan da ya baro, ita ce ke faɗin abin da zai biyo baya.

Ƙwaƙwalwarmu tana lulluɓe da tantani guda uku. Ƙarin da ke tsirowa daga tantanin nan likitoci na ce masa meninjiyom, sunan da wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya raɗa masa a 1922. Ya fi kama mata, musamman manya. Kusan 80 cikin 100 ba kansa ba ne, sannu a hankali yake girma. Sauran kuwa suna da saurin dawowa, shi ya sa hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta kasa shi mataki uku. Hoton sikana ba ya tabbatar da matakin. Sai an kai tsokar laboratuwar da ake kira anapat, an duba ta da madubin likita.

A nan ne ake iya yin wani awo mai suna Ki-67, wanda aka gano a garin Kiel na Jamus a 1983. Mu ƴan Dakoro ba zai mana wuyar ganewa ba. In ka shiga garke mai akuya ɗari ka ga uku ne kawai ke da ciki, ka san garken ba zai ƙaru da sauri ba. In ka ga ashirin, labari ya sake. To haka ake ƙirga ƙwayoyin ƙarin: cikin ɗari, nawa ne ke shirin rabuwa su haihu? In adadin ya wuce kamar 4, likita yakan ƙara sa ido, ya matso da randebu da hoton IRM. Wani lokacin ya tura a yi gashi da haske, wanda ake yi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai tun 2021. Lambar ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, likita na duba matakin ƙarin da ko an cire shi duka.

Wani zai ce: "Kai malam, talaka da ƙyar ya biya aikin, za ka ƙara masa wani awo?" Gaskiya ne akwai kuɗi, kuma daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Amma kuɗin awo da na mota ba su kai kuɗin aiki na biyu ba, balle idon da ya mutu, wanda ba kasafai yake dawowa ba.

Don haka duk wanda ya raka marar lafiya, kada ya baro asibiti sai ya tambaya: an tura tsokar awo? Yaushe sakamako zai fito? Yaushe za mu dawo? Likitocinmu kuma, don Allah a fassara wa mutane takardar da Hausa, don Faransancinta ko mu da muka yi lakkwal yana ba mu wuya.

Sannan babban da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, ko ciwon kai da ke ƙaruwa tare da dushewar gani ko mutuwar hannu, kada a tsaya ga cewa iska ce. A yi addu'a, a kuma tafi likita.

Baba ya ce in ya haɗa kuɗin mota za su koma. Allah shi ba ta lafiya, amin.