Bishiyar Kirsimeti da Tukunyar Biki: Mu Fara Duba Gida

Idan watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ƙura ta rufe sararin sama, kowa ya san bikin Kirsimeti ya ƙarato. Makarantu su ba da hutu, tashoshin mota su cika da matafiya, teloli su kwana a kan keken ɗinki. A irin wannan lokaci, in ka shiga kasuwar Balogun a Legas, ko babbar kasuwar Onitsha, ko Taminus a Jos, za ka ga bishiyoyin roba jere a bakin shaguna, an rataya musu fitilu masu walƙiya. Kusa da su kuma ga buhunan shinkafar waje da gwangwanayen tumatir an tara kamar tsauni.

Ya kai mai karatu, ka taɓa tambayar kanka daga ina waɗannan kaya suka fito, kuma aljihun wa kuɗinsu ke faɗawa? Ra'ayina shi ne, ya kamata bishiyar da za mu ƙawata gida da ita ta zama wadda ta tsiro a ƙasarmu, abincin da za mu dafa kuma ya zama wanda manomanmu suka noma. Bikin zai fi armashi a haka, kuma amfaninsa zai kai ga mutane da yawa. Ga dalilaina.

Mu fara da asalin al'adar. Kafa bishiya a cikin gida lokacin Kirsimeti ya samo tushe ne daga ƙasar Jamus, wajen ƙarni na 16. A can, watan Disamba lokaci ne na tsananin sanyi da ƙanƙara. Yawancin itatuwa sukan zubar da ganyensu, su tsaya tsirara kamar sun mutu. Amma itacen fir da danginsa, masu ganye sirara kamar allura, ba sa kaɗe ganye. Saboda haka mutane suka ɗauke su alamar rai da sa zuciya, suna sarowa daga dajin da ke kusa da su suna kaiwa gida. A shekarar 1848 wata jarida a Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, suna tsaye da 'ya'yansu a gaban irin wannan bishiya. Daga nan al'adar ta ƙara bazuwa a Ingila da Amurka, har daga baya ta iso gare mu.

Ka lura da abu ɗaya a cikin wannan tarihi. Bajamushen da ya fara wannan al'ada bai aika wata ƙasa a sayo masa bishiya ba. Ya duba dajin garinsu, ya ɗauki abin da Allah ya hore masa a wurin. Idan har za mu yi koyi da shi, to wannan hikima ce ta fi cancanta mu kwaikwaya.

Bishiyar robar da ke kasuwanninmu kuwa, yawancinta daga ƙasar Sin ake kawo ta. Akwai wani birni a can mai suna Yiwu wanda ya shahara a duniya wajen sayar da kayan adon Kirsimeti. Ana ɗora kayan a jirgin ruwa, su yi makonni a teku kafin su sauka a Apapa. Da kuɗin ƙasashen waje ake biya, don haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, sai farashin ya tashi. Ita robar kanta da sinadaran man fetur ake yin ta, kuma ba ta ruɓewa kamar ganye. In ta tsufa aka jefar, sai ta toshe magudanar ruwa, ko ta daɗe a juji. In an ƙona ta, hayaƙinta yana cutar da huhu.

Wataƙila ka ce, ai irin bishiyar Turawa ba ta fitowa a Nijeriya. Tana fitowa. A wurare masu tudu da sanyi, kamar Jos a Jihar Filato da tsaunin Mambila a Jihar Taraba, an daɗe ana shuka itatuwa masu ganyen allura, kuma suna girma sosai. Wanda ya taɓa ziyartar dajin Ngwo kusa da Enugu ya ga yadda irin waɗannan itatuwa suka yi layi-layi, dogaye, suna ba da inuwa. Akwai kuma kasharina, wadda ake shukawa a harabar makarantu da gefen titi a garuruwa da dama. Ganyenta sirara ne, tana yin tsini a sama, kuma idan iska ta kaɗa ta sai ka ji kamar tana fito. Muna da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta ƙasa a Ibadan da Kwalejin Gandun Daji a Jos, ga kuma masu rainon ƙananan itatuwa da ke sayarwa a bakin hanya a kusan kowane babban gari. Wanda ya nema zai samu.

Ba ma dole ne bishiyar ta yi kama da ta hoton katin gaisuwa ba. A Kudu, mutane sun saba ƙawata majami'u da ƙofofin gida da ganyen kwakwar manja. Ƙaramar bishiyar lemo ko ta gwaiba a cikin tukunya tana iya ɗaukar ado ta yi kyau. Abin da ake nema shi ne kore, alamar rai, a lokacin da hunturu ya busar da ciyawa.

A nan akwai wata tambaya mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Wani zai ce, dazuzzukanmu suna ƙarewa saboda saran itace da yin gawayi, hamada tana matsowa daga Arewa, zaizayar ƙasa tana cin gonaki a Kudu maso Gabas. Idan kowane gida ya saro bishiya a Disamba, ashe ba mun ƙara wa wutar mai ba? Wannan magana gaskiya ce. A ƙasashen Turai da Amurka akwai gonaki na musamman da ake noman bishiyar Kirsimeti, a sare wasu, a dasa wasu a gurbinsu. Mu ba mu da irin wannan tsari a ko'ina. Saboda haka ba na cewa ka ɗauki gatari ka nufi daji. Shawarata ita ce ka sayi bishiya mai rai, da saiwarta, a cikin tukunya.

Yin haka ba wuya. Ka nemi tukunyar ƙasa ko tsohon bokiti, ka huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. Ka zuba ƙasa mai kyau haɗe da taki, ka dasa 'yar bishiyar. Ka ajiye ta a baranda ko kusa da taga, inda za ta sami haske, ka riƙa ba ta ruwa, domin iskar hunturu tana busar da ƙasa da sauri. Kada ka kunna kyandir kusa da ita, gama gobara ta fi yawa a wannan lokaci. Bayan biki ka fitar da ita waje, ka ci gaba da kula da ita har damina ta sauka. Idan ruwa ya zauna, wajen Afrilu ko Mayu a Kudu, Yuni ko Yuli a Arewa, sai ka dasa ta a tsakar gida, ko a filin makaranta, ko a harabar majami'a. Ka yi lissafi da kanka: idan aji mai ɗalibai 40 ya yi haka kowace shekara har tsawon shekaru shida na sakandare, itatuwa 240 ke nan. Bahaushe ya ce, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Wani kuma zai ce, bishiyar roba ta fi sauƙi, domin sau ɗaya za a saya a yi ta amfani da ita shekara da shekaru. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Idan gidanku kuna da ita tun tuni, kada ku jefar. Ku ci gaba da amfani da ita har ta ƙare, domin zubar da abu mai amfani almubazzaranci ne. Amma idan lokacin sayen sabuwa ya zo, ku tuna cewa ta roba kullum lalacewa take yi, mai rai kuwa kullum girma take yi. Bayan 'yan shekaru ɗaya tana juji, ɗaya tana ba da inuwa.

Adon da za a rataya ma yana nan kusa da kai. Ƙyallayen atamfa da tela ke zubarwa, ƙananan ƙorai da ludayi, faifai mai launi, zangarniyar gero ko dawa, auduga, da taurarin da ƙannenka za su yanka daga tsohon kwali, duk suna ƙawata bishiya. Yaron da ya yi ado da hannunsa ya fi murna da shi fiye da wanda aka sayo masa a leda.

Yanzu mu leƙa madafa. Allah ya yi mana baiwa da bikin Kirsimeti ya faɗo bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida. Sabuwar shinkafa tana fitowa daga Kebbi da Kura da Abakaliki, ga kuma ta Ofada da Yarabawa ke ji da ita. Albasa tana zuwa daga Aliero, tumatir da tattasai da attaruhu daga Kadawa da sauran fadamun Arewa. Dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, doya daga Zaki Biam, citta daga Kaciya da kewaye, lemo daga Binuwai, manja daga Kudu. Da waɗannan uwargida za ta dafa dafa-duka mai ƙamshi, ta yi sakwara da miyar agushi, ta soya kaza, ta yi farfesu. A Filato ana yin tuwon acca da gwate. A maimakon lemon kwalba, ga zoɓo da citta, ga kunun aya, ga kunun zaƙi. Wanda ya ci wannan ya ƙoshi, me zai nema a gwangwani?

Kazar ma a sayi ta gida. Gwamnati ta daɗe da hana shigo da daskararrun kaji daga waje, amma har yanzu ana fasa-ƙwaurinsu ta kan iyaka. Irin wannan nama yakan yi doguwar tafiya a ɓoye, ya narke ya sake daskarewa, ba mai iya tabbatar maka da lafiyarsa. Kazar da ka gani da ranta, aka yanka a gabanka, ta fi kwanciyar hankali. Kuɗinka kuma ya shiga hannun matar da ta yi kiwonta, wadda ita ma da shi za ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta a watan Janairu.

Na san ƙorafin da ake yi, cewa shinkafar gida tana da tsakuwa. A da haka ne, kuma har yanzu akwai wadda sai an rege ta. Amma yanzu an kafa injinan casa a jihohi da dama, masu cire tsakuwa da ƙaiƙayi. Na kuma san cewa wani lokaci kayan gida ba su fi na waje araha ba, saboda tsadar sufuri da taki. Duk da haka, manomi ba zai faɗaɗa gonarsa ba, mai inji ba zai gyara aikinsa ba, sai sun tabbata akwai mai saye. Idan muka juya wa kayanmu baya a lokacin da aka fi ciniki a shekara, yaushe za su inganta? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akwai wata riba da ba a auna ta da naira. Tukunyar dafa-duka ɗaya ta haɗa shinkafar Kebbi, da tumatirin Kano, da manjan Kudu ko man gyaɗan Arewa, da kazar ƙauyenku. Manomin da ya noma albasar wataƙila Musulmi ne, direban da ya kawo ta kasuwar Mile 12 wataƙila daga wata jiha ya fito, mai dafa ta kuma Kirista ce. Kowa ya sa hannu. Idan an sauke tukunya, sai a aiki yara su kai wa maƙwabta kwano, kamar yadda su ma maƙwabtan ke aiko da nama da waina ranar Sallah. Wannan kyakkyawar al'ada ce da iyayenmu suka riƙe a Kaduna da Jos da Ibadan da Ilorin, kuma bai kamata ta mutu a hannunmu ba. Idan kai Musulmi ne, duk abin da na faɗa ya shafi bikinka: ragon Layya da shinkafar Sallah su ma a fara neman su a gida.

Kai da kake koyon Hausa, wannan hutu dama ce gare ka. Ka raka mahaifiyarka kasuwa, ka gai da mai tumatir da harshensa. Ka ce, “Sannu da aiki, malam. Nawa ne kwando?” Ka tambaye shi daga wane gari kayansa suka zo, ka roƙi ragi, ka nemi gyara. Za ka ga fuskarsa ta saki, kuma za ka koyi kalmomin da babu su a littafi.

To, kafin a rufe makaranta bana, ka zauna da iyayenka ku tsara bikin tare. Ku rubuta abubuwan da za ku saya, ku duba nawa ne daga cikinsu aka noma ko aka yi a Nijeriya. Ku zaɓi wurin da za ku dasa bishiyarku idan damina ta zo, ku kuma ware kwanon maƙwabci tun kafin a ɗora tukunya. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya maimaita mana.