Kafin ka ce wayarka ta lalace, duba Blending

Satin nan sau uku ana kawo min waya shago a nan Ƙaura Namoda, wai sikirin ya samu matsala, don baƙin akwati yana rufe hoto a bidiyon waƙa. Wani yaro tun daga Zurmi ya biyo kuɗin mota. Wallahi wayar lafiyarta ƙalau.

In ka ɗora rubutun waƙa mai baƙin bango a kan hotonka a KineMaster, taɓa shi, shiga Blending, zaɓi Screen. Baƙin zai ɓace, rubutun ya tsaya. In bangon fari ne, rubutun baƙi, Multiply za ka zaɓa.

Amma ni a ganina, ka rage sauke rubutun da wasu suka haɗa. Rubuta naka, kowane layi ka ja shi ya shigo daidai lokacin da mawaƙi ya furta. Akwai cin lokaci kam, amma rubutu bai kai bidiyo kan bidiyo nauyi ba, waya mai ram 2GB ba za ta riƙa daskarewa ba, datarka ma ta huta. Kuma ka fara gwada salon rubutun da ƙ, ɗ, ɓ. Wasu ba su da su, sai ka rubuta "ƙauna" ka ga "auna".